Muciyar Nola Kowald

A yankinmu na yammacin Quilpie za ka iya zagin motar mutum ya yi dariya, ka kushe karensa na kiwo ya ce ai shi ma ya gaji da shi, amma ranar da bakinka ya taɓa bindigarsa, to ka shirya wa gaba ta shekara guda. Na san haka domin ni ne uban masu kushen. Sunana Lindsay Tolhurst. Shekara goma sha tara ina shugabancin ƙungiyar maharba ta garinmu, kuma ban taɓa ganin bindiga mai araha na iya riƙe bakina ba. Tawa daga Turai aka kawo ta, gindinta na itace ne mai sheƙi har kana ganin fuskarka a ciki. Matata takan ce da ita nake shafawa yadda nake shafa bindigar nan, da har yau ba ta tsufa ba.

Wadda ta rufe mini baki maƙwabciyata ce, Nola Kowald. Daga ƙofar ganduna zuwa tata tafiyar minti arba'in ce, don haka ita ta fi kowa kusa da ni.

Nola 'yar mai dafa wa masu askin tumaki abinci ce. A rumfunan aski ta girma, yau nan gobe can, tana sharar ulu tun tsintsiya ta fi ta tsawo. Tana da shekara ashirin ta auri Merv Kowald, ta tare a gandun da ya gada, jar ƙasa da itatuwan mulga iya ganinka. Shekara arba'in suka yi a kan rabon aiki ɗaya: shinge da injin ruwa da bindiga na Merv ne, tumaki na Nola. Daga cikin mota takan nuna tunkiya ɗaya cikin ɗari ta ce waccan ba ta da lafiya, in aka kamo sai a tarar haka ne. Lokacin dogon farin nan da kowa ya sayar da tumaki ya koma shanu, har da ni, su biyun nan suka riƙa sare rassan mulga suna ciyar da garkensu har ruwa ya dawo. Na ce musu taurin kai ne. Merv ya ce in je in gaya wa Nola da bakina, ban je ba.

Merv ya faɗi a bakin shinge wata ranar Talata, zuciyarsa ta tsaya, Allah ya ji ƙansa. Tsohuwar bindigarsa ta koma hannun ɗansu Brendan da ke aiki a Toowoomba, tun da shi ke da lasisi. Kowa ya ɗauka Nola za ta tattara ta bi ɗanta birni. Sai kawai muka ji ta je ta zauna aji da samari, tana da shekara sittin da ɗaya, ta ci jarrabawa, ta karɓi lasisinta. Daga nan ta wuce shagon bindigogi a Charleville ta ce a ba ta wadda ta fi kowacce araha. Aka ɗauko mata wata baƙa mai gindin roba, da madubin saitinta a kwali ɗaya.

Lahadin farko da ta kawo ta filin harbinmu, maza suka bar gashin nama suka kewaye ta. Ni na fara karɓa na juya ta, ba nauyi ko kaɗan, in ka ƙwanƙwasa gindin sai ka ji ƙarar bokiti.

Na ce, "Nola, wannan bindiga ce ko muciya?"

Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Dougie Pfeiffer, mai gyaran injin ruwa, yana da irinta, sai ya taso da ƙarfinsa. "Ku ƙyale ta! Tawa shekara uku ke nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Wanda ya sayi mai tsada sunan kamfani ya saya, ba saiti ba."

Col Hennessy, wanda ya taɓa sayen irinta ya rabu da ita cikin wata guda, ya ce, "Yo ta ina za ta ba ka kunya, Dougie, gwangwanin madara kake harbi daga taku goma? Ni da na ja kunamar tawa sai na ji kamar ina buɗe ƙofar shinge mai tsatsa. Kafin ta tashi alade ya je gida ya dawo."

"Hannunka ne ke rawa, ka sha da yawa."

"Hannuna ne? To me ya sa ba ya rawa da sabuwar?"

Haka muke. Mai araha yana cewa shi ne mai wayo, mai tsada yana cewa shi ne ya san abu, kuma ba wanda ya taɓa sauya ra'ayin wani tun da aka kafa ƙungiyar.

Muna da al'ada a filin nan da ba wanda ya san mafarinta. Kafin mutum ya fuskanci takardar saiti, sai ya zuba harsashi biyu a tudun yashin da ke gefe, mu ce ana gasa bututu. Waɗannan biyun ba a lissafa su, ba ma wanda ke duba inda suka faɗa. Sannan a harba biyar a takarda, a auna yadda suka taru, da wannan ake yanke wa bindiga hukunci. Na gaya wa Nola ta fara da tudu.

Ta dube ni. "In zuba harsashi biyu a ƙasa? Me ƙasar ta yi mini, Shugaba?"

Ta kwanta ta harba biyar ɗinta kai tsaye. Na farko ya shiga tsakiyar baƙin. Na biyu ya kwanta kusa da shi. Na uku ya hau sama da dama, na huɗu ya ƙara hawa, na biyar da ƙyar ya taɓa gefen takardar. Col ya cire hula ya rufe fuska. Ni kuwa na gyara murya na yi mata karatu: bututun siriri ne, da ya ɗau zafi sai ya fara yawo, shi ya sa ake cewa a tara kuɗi a sayi ta kirki. Na yi maganar da jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Nola ta daɗe tana kallon takardar. Ta sa yatsa a ramin farko, ta ce, "Shugaba, wane kare ne zai tsaya in harbe shi sau biyar?"

Muka yi dariya, muka koma wajen nama. Ba ta sake zuwa filin ba.

Abin da ta koma yi, sai da na je aron injin walda na gani. Ta kafa fallen kwano a jikin wani kututture, taku ɗari biyu daga inda take ajiye akori-kurarta. Kullum da safe in ta sha shayi, sai ta ɗora Muciya a kan buhun yashi bisa bonet, ta harba ɗaya tak, ta mayar da ita akwatin ƙarfe ta kulle. Ta taka zuwa kwanon ta zagaye ramin da fenti. Ranar sanyi, ranar zafi, ranar iska, harbi ɗaya. Na ga ramuka sun fi arba'in, kuma tafin hannuna zai rufe su duka, in ban da uku da ta rubuta "iska" a gefensu. Na gani da idona, amma girman kai bai bar ni na fahimta ba. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne ɗan salatif da ta manna a bakin bindigar don kada zanzaro ya yi gini a ciki. Na ɓare shi na leƙa bututun, na tarar da baƙi.

"Nola! Yaushe rabon da ki wanke wannan?"

"Na wanke ta sau ɗaya, washegari ta jefa mini harsashi wani wuri daban. Sai da ta yi kwana uku ta dawo hayyacinta. Tun daga nan tsumma busasshe kawai nake zura mata."

"Wannan ƙazanta ce. Merv zai juya a kabarinsa."

"Merv bai taɓa wanke ko kofin shayinsa ba," in ji ta.

Shekara ta biyu bayan rasuwar Merv, a watan Yuli, tumaki na tsakiyar haihuwa, karen daji ya ratso shinge. Ba irin mai kashe ɗaya ya ci ya tafi ba ne. Wannan wasa yake yi da su. Safiya ɗaya Nola ta tarar da 'ya'yan tumaki goma sha ɗaya a warwatse, wasu da sauran rai, dole ita ta ƙarasa su da hannunta. Sawunsa na gaba na hagu yatsa uku ne, tarko ya taɓa cin ɗaya, shi ya sa ya san ƙarfe ya san guba. Mai ɗana tarko na gunduma ya yi mako biyu ya tafi hannu rabbana. Muka sa masa suna Yatsa-uku.

Brendan ya zo ya ga uwarsa ta rame, tana jan gawa zuwa rami ita kaɗai. Ina wurin suka yi maganar a kicin, kuma ban ga laifinsa ba.

"Mama, ya isa haka. Ba zan zauna a Toowoomba ina jiran a kira ni a ce an tsince ki a bakin shinge kamar Baba ba. Na yi magana da mai babbar mota, zai zo Juma'ar ƙarshen Agusta ya kwashe su."

"Tumakin ubanka za ka loda wa mahauta?"

"Ko mahauta ko kare, Mama. Zaɓi ɗaya."

Ta murza zoben hannunta. Can ta ce, "In na kashe shi kafin ranar fa?"

"In kin kashe shi, wallahi ba zan sake buɗe baki ba. In ba ki kashe shi ba, ki shiga motata."

Ta ce ta yarda. A bakin mota Brendan ya riƙe hannuna ya ce, "Kawu Lindsay, don Allah ka taimaka mata. Da waccan muciyar ba za ta iya ba." Na buga ƙirji na ce ya bar mini.

Saura mako biyu motar ta zo, Nola ta kira ni. Ta gano cewa in ya yi ɓarna yakan biya ta kwamin ruwa na can ƙarshen gandu da sassafe ya sha, sannan ya haura wani ɗan tudu mai duwatsu ya ɓace. Yammacin ranar na fito da bindigata na yi mata wankan amarya. Na zura sanda da burushi har tsumma ya fito fari tas, na bi da mai, na goge gindin. Matata ta leƙo ta ce ko biki za mu.

Safiya biyu muka kwanta a bayan wata faɗaɗɗiyar mulga, sanyi na cin ƙashi, ba abin da ya zo sai jiminai. Nola ce ta zaɓi wurin. Na ce mu ƙara matsawa kusa da kwamin, ta ce a'a, nan ɗin dai. A safiya ta uku, rana ta fara taɓa kan itatuwa, sai na ji gwiwar hannunta a haƙarƙarina. Ga shi nan, ja-ja, ya fi yadda na zata girma, ƙirjinsa duk jini. Yana tafe yana tsayawa yana shinshina iska. Taku ɗari da ashirin tsakaninmu da kwamin, nisan da a fili nake saka biyar cikin murfin kwalba.

Ta raɗa mini, "Taka ce mai tsada, Shugaba. Bismilla."

Ya sunkuya zai sha. Na ɗora saiti a bayan kafaɗarsa, na saki numfashi, na ja kunama yadda na koya wa mutum ɗari. Ƙura ta tashi a bayansa. Harsashin ya wuce ta saman gadon bayansa, ko gashi bai taɓa ba.

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan daƙiƙar ba. Karen ya zabura kamar an harbo shi, ya nufi tudu, ni kuma hannuna ya rikice wajen sake ɗana bindigar. A raina na ce shi ke nan, na kore shi, ba zai sake shan ruwa a nan ba, na saka Nola a motar Brendan da hannuna.

Ita ko motsi ba ta yi ba. Kumatunta na kan gindin robar nan, bakin Muciya ba ya bin karen ma, yana kallon wata 'yar ƙofa tsakanin duwatsu biyu a kan tudun. Da ya kusa kaiwa wurin, sai ta buɗe baki ta saki wani dogon kukan kare, irin wanda Merv kan yi in ya sha kwalba biyu a wajen biki. Yatsa-uku ya ci birki a tsakanin duwatsun, ya waiwayo.

Harbi ɗaya. Ya faɗi a inda yake, ko shure-shure bai yi ba.

Na yi ihu har jiminai suka watse. Ni, mai shekara sittin da bakwai da ciwon gwiwa, na tashi ina tsalle ina kiran sunan Merv. Nola ta zare kwanson harsashin, ta sa a aljihu, ta ce in taka in ƙirga. Na taka har wajen duwatsun. Ɗari biyu da huɗu.

"Tun makon jiya na auna," in ji ta. "Sawunsa ya nuna kullum a nan yake tsayawa ya waiga. Shi ya sa na ce mu kwanta can."

Ta ɗaga ƙafarsa ta hagu, muka ƙirga yatsun tare. Sai ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da hularta, kafaɗunta na rawa. Na juya baya na yi kamar ina duban shinge, don ni ma idona ba a bushe yake ba.

A hanyar komawa na fara kame-kame, ko iska ce, ko madubi ya goce. Ta ce, "Ka wanke ta, ko?"

"Tas."

"Har da mai?"

Na gyaɗa kai. Da na isa gida na sake wanke ta kamar yadda na saba, na bari ta kwana, da safe na kafa takarda na harba ɗaya. Ya hau sama da kusan tafin hannu biyu. Na biyu ya sauko, na uku zuwa na bakwai suka taru cikin murfin kwalba. Na maimaita kwana uku, haka. Shekara goma sha tara ina alfahari da bindigar da ban san inda take jefa harsashin farko ba, domin kullum a tudun yashi nake binne shi. Bindigar ba ta da laifi, tana da kyau har gobe. Amma wannan matar da muciyarta ta san abu ɗaya game da tata wanda duk ƙungiyarmu ba mu sani ba game da namu, kuma shi kaɗai ne kare ke tambaya.

Lahadi na tsaya gaban maza na faɗi abin da ya faru, ban rage komai ba. Dougie ya kusa shiɗewa don murna.

"Ban gaya muku ba? Mai araha! Mai araha ita ce bindiga!"

Col ya ce, "Zauna, Dougie. Ba Muciya ce ta kashe kare ba, Nola ce. Kai ko an ba ka ta Lindsay, gwangwanin ma sai ya tsira."

Suka ci gaba daga inda suka tsaya, har yau ba su gama ba. Abu ɗaya dai ya sauya: yanzu a filinmu harbin farko a takarda yake sauka, kuma ana rubuta shi. Rabin masu manyan bindigogi sun yi mako biyu ba sa haɗa ido da kowa.

Juma'ar ƙarshen Agusta ina gyaran ƙofar ganduna sai ga babbar motar dabbobi ta wuce, ta nufi hanyar Kowald. Na ce ashe Brendan ya ci amana, ko kuwa ita ce ta gaji bayan komai ya wuce, don hakan na faruwa. Na bar kayan aiki a ƙasa na bi ƙurar motar, ina tsara zagin da zan yi wa yaron nan tun daga kakansa.

Na tarar da su a bakin garke. Brendan na tsaye hannu a ƙugu, da alama shi ma bai san abin da ake ciki ba. Tumaki kuwa ba a tara ko ɗaya ba, suna can nesa suna kiwo da 'ya'yansu. Direba ya saukar da matakala, ya buɗe ƙofa, ya buga gefen motar. Sai ga raguna biyu sun sauko, manya, ulu har ido, suna taku ɗai-ɗai kamar su suka sayi gandun.

Brendan ya ce, "Mama, mene ne wannan?"

"Kai ka ce mota ta zo ranar Juma'a. Na ga bai kamata a ɓata wa bawan Allah rana ba, sai na ce ya biya ya ɗauko mini waɗannan. Na barbarar baɗi ne."

"Wani karen zai zo fa."

"Zai zo," in ji ta. "Ina nan."

Brendan ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya dubi uwarsa, ya girgiza kai, sai dariya ta ƙwace masa, ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa. Ta ce ya sauke ta kafin ya karya mata haƙarƙari, ya je ya buɗe wa ragunan ƙofa.

Motar ta juya ba komai a cikinta, tana ƙarar ƙarfe har ta ɓace. Nola ta bi ta da kallo, sannan ta waiwayo gare ni.

"Shugaba, tun da ka zo, riƙe mini fenti. Yau ban yi harbina ba."